Kwat ɗin da ƙanena ya sa zuwa gidan surukai

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da muka raka ƙanena gaisuwar iyayen budurwarsa a wani ƙauye da ke bayan Michika. Shekaru sun ja, amma har yau in na bi ta layin 'yan gwanjo a kasuwar Mubi na ga an rataye dogayen kwat-kwat, sai dariya ta taso mini, daga baya kuma haushi ya biyo ta.

Ƙanen nan nawa shi ne autanmu. Ya yi bautar ƙasa a Jos, ya dawo mana da takarda da kuma wani sabon ilimi da ba mu aike shi nema ba, wato ilimin sa kaya. Kullum yana maƙale da waya yana kallon Turawa suna koya wa juna yadda namiji ke shiga in ganye ya fara zuba, da yadda yake shiga in ƙanƙara ta sauko. Ya ce mu mutanen Mubi ba mu san sutura ba, rufe tsiraici kawai muke yi. Wai namijin da ya waye hawa-hawa yake sa kaya, kowane hawa da aikinsa, kuma launin kaka daban, na sanyi daban. Na ce masa mu dai kakar da muka sani ita ce ta yankan dawa, kuma launinta ƙaiƙayi ne. Ya dube ni da tausayi ya ce, “Adda, ke ba za ki gane ba.”

Ba wai ba a sanyi a Mubi ba ne. Duk wanda ya taɓa tsoma hannu a randa da asuba a watan Disamba ya san ana yi, iskar da ke gangarowa daga duwatsu har cikin ƙashi take shiga. Sai dai sanyinmu ba ya wuni. Da hantsi ya ɗaga sai ya tattara ya tafi, rana ta karɓi aikinta kamar ba a yi ba. Shi ya sa tsofaffinmu ke fita da suwaita da safe, kafin azahar ka gan ta rataye a kafaɗa ko a reshen bishiya. Ƙanena a garin aka haife shi, amma wayarsa ba ta gaya masa wannan ba, shi kuma abin da waya ba ta faɗa ba bai ɗauke shi ilimi ba.

Yarinyar da yake so malamar firamare ce a nan cikin gari, mai hankali da sanyin magana, irin wadda in ta gaishe ka sai ka ji kamar ka ba ta kyauta. Ni kaina na so ta, har na riƙa mamakin abin da ta gani a jikinsa. Mahaifinta tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya ya koma ƙauye yana noma. Ya aiko cewa a zo bayan an gama girbi, kafin Kirsimeti, ya ga yaron da idonsa. Kowa ya san abin da ranar take nufi. In tsohon ya gamsu, za a fara maganar aure, in bai gamsu ba, sai dai a sha kunu a dawo.

Tun da aka sa rana ƙanena ya tare a wurin 'yan gwanjo. Ya sa aka kwance masa dila sabuwa, ya tono wata kwat ta ulu, baƙa, mai nauyin bargo biyu, tsawonta har ƙasan gwiwa. Mai kayan da kansa ya gaya masa wannan ta ƙasar ƙanƙara ce, masu gadi ne ke sayenta a nan, amma ya ce ai shi ya sa ya zaɓe ta. Ya haɗo da jar suwaita mai dogon wuya, da 'yar shara ta sawa a kanta, da mafila, da safar hannu ta fata, da wasu takalma masu gashi a ciki.

Da safiyar ranar ya fito daga ɗaki, sai da kawunmu, wanda shi ne jagoran tafiyar, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Singileti a ciki, farar riga a kai, suwaita, 'yar shara, sannan kwat, mafila kuma ya zagaye wuya har haɓa. Hannuwansa ba sa iya sauka su taɓa jikinsa. Kawu ya tambaye shi ko daga can za mu wuce da shi filin jirgi ne. Ni kuma na ce ya ɗauki jaka ko leda, in rana ta yi ya rage wasu. Ya ce ba a rage haɗi, in ka cire ɗaya duka sun lalace. Gaskiya a lokacin akwai sanyi, mu muna karkarwa a tasha shi yana tsaye yana murmushi, yana kallonmu kamar marayu. Wannan ɗan lokacin shi ne duk ribar da ya ci a kwat ɗin.

Mun isa ƙauyen da hantsi. Gida ne babba a gindin dutse, an tara dawa a gefe, ga wata tsamiya a ƙofar gida inda maza ke zama. A gidan, manya ne ke keɓewa su yi magana, saurayi kuma a ajiye shi a tsakar gida inda gwaggonnin yarinya za su gan shi da kyau, su kawo masa abin sha. Kawu ya bi dattawa gindin tsamiya, ni aka ba ni tabarma wurin mata.

To a nan ne aka samu matsala, kuma ba mugunta ce ta kawo ta ba. Gwaggonnin nan da suka ga mutum ya shigo a naɗe tun daga wuya har ƙafa, hannu cikin safa, ba su ga gaye ba, mara lafiya suka gani. Babbarsu ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali, “Yaron nan zazzaɓi yana damun shi ne?” Kafin in buɗe baki ta riga ta ba da umarni. Aka ɗauke kujerarsa daga inuwar rumbu aka dasa ta a tsakiyar rana don ya sha hantsi. Aka kawo kunun gyaɗa yana tururi a kwano. Wata ta ce kunu kaɗai ba ya korar sanyi, ta dafo shayi da citta da kanumfari da barkono. Wata tsohuwa, Allah ya saka mata, ta ɗebo garwashi a kasko ta ajiye dab da ƙafafunsa.

Baƙo ba ya mayar da abin da surukai suka miƙo, balle mai neman aure. Ya shanye kunu, ya shanye shayi, aka ƙaro. Ina kallonsa daga inda nake, gumi ya fara tsattsafowa a goshinsa, ya gangaro ta hanci yana ɗiga a mafila. Na yi masa alama da ido, na kama wuyan rigata na ja don ya gane, ya kau da kai. Matan kuwa da suka ga gumi sai murna, wai zazzaɓin ya fara fita, a ƙara gawayi.

Rana ta take sosai lokacin da mahaifin yarinyar ya shigo don ya gaisa da shi. Dogon tsoho ne, da 'yar riga mai gajeren hannu. Ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya dubi kaskon, ya dubi sama, sannan ya ce, “Ɗana, rana ya yi zafi. Cire wannan kwat ka sha iska, nan gida ne.”

Ƙanena ya miƙe da ƙyar ya rusuna, fuskarsa sharkaf, ya ce, “A'a Baba, ba na jin zafi ko kaɗan. Haka ake sa shi.”

Tsohon ya sake tambayarsa ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Sai ya gyaɗa kai, ya sa aka ɗauke kaskon kawai, ya koma gindin tsamiya.

Da abin ya tsaya a nan, da labarin dariya ne kawai. Amma yarinyar, wadda ke leƙowa daga madafa tana ganin halin da yake ciki, ta kasa daurewa. Ta ɗebo ruwan randa a moɗa ta kawo masa, ta durƙusa, ta ce masa a hankali don Allah ya cire ko da mafilan ne da safar hannu, ba wanda zai ce komai. Ban sani ba ko zafi ne ya taɓa masa kai, ko kunya ce ta juye ta zama faɗa. Sai dai muka ji ya ɗaga murya a gaban gwaggonninta ya ce, “Ke me kika sani a kan sa kaya? Ki bar ni mana.”

Yarinyar ta ajiye moɗar a ƙasa, ta tashi ta koma madafa ba ta waiwayo ba. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san ba a gidan kaɗai maganar za ta tsaya ba, kafin yarinyar ta kai ƙofar madafa, maganar ta riga ta isa gindin tsamiya.

Ba a jima ba aka kira shi ya je ya gaida dattawa. Ya tashi, ya yi taku kaɗan, sai muka ga kwat ta lanƙwashe ta zube a ƙasa da mutum a cikinta. Matan suka yi kansa. Aka ja shi inuwa aka fara ɓare shi kamar albasa, a cire wannan a tarar da wani, babbar gwaggon tana tambaya wai yaron yana ciki kuwa. Da aka kai ga farar rigar sai wata ta ƙwala ihu, don ta rine jawur tun daga wuya har ciki. Aka ɗauka jini ne, har an fara neman mota, sai da na shinshina na ce musu rinin suwaitar gwanjo ne gumi ya narkar. Aka kwara masa ruwa, ya buɗe ido ya ga kansa kwance da singileti, jan ƙirji a waje, surukai sun kewaye shi suna yi masa fifita da faifai. Abin da ya fara tambaya shi ne ina kwat ɗinsa.

Tsohon bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Da za mu tafi ya rako kawu har bakin mota, ina biye da su, na ji abin da ya ce. “Suma ba laifi ba ne, kowa yana iya faɗi. Amma mutum yana dahuwa a gabana, na tambaye shi, ya ce lafiya lau. Wanda ya zo taimakon shi kuma ya kore shi. In na ba shi yarinya, ranar da wuta ya kama gidan su, haka zai gaya mini ba ya jin zafi.” Ya ce duk da haka bai rufe ƙofa ba, a bar yaro ya huta.

A cikin rikicin aka manta kwat ɗin a kan igiyar shanya, ƙanena ya dawo Mubi da rigar aro. Bayan Kirsimeti tsohon ya aiko cewa yaro ya zo ya ɗauki kayansa. Kawu ya zaunar da shi ya fassara masa saƙon, ya ce ba kwat ake kiransa ya ɗauka ba, dama ake ba shi ya je ya ba da haƙuri, ga uban ga 'yar. Ni ma na yi masa magana har bakina ya gaji. Ya ce shi ba zai koma inda aka tuɓe shi a gaban mata ba, kuma ai su ne suka sa masa wuta. Aka sake aikowa da damina ta kusa, ya ce a ce musu ya bar musu. An ce girman kai rawanin tsiya, to shi nasa har da mafila. Yarinyar ta jira fiye da yadda ni zan iya jira, daga baya ta daina amsa gaisuwarsa a waya, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Bayan shekara biyu ta aiko mini da katin bikinta, za ta auri wani ma'aikacin asibiti. Na je, don ni tsakanina da ita ba abin da ya faru. A ƙauyen aka yi, cikin sanyin Disamba, muka isa da sassafe kafin a tafi coci. Ina shiga na hango mahaifinta a gindin tsamiya yana karɓar baƙi, sanye da baƙar kwat har ƙasan gwiwa. Ta zauna masa ɗas, ta fi yi masa kyau a kan mai ita. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi mutanen gida.

Da hantsi ya ɗaga, ana shirin shiga motoci, sai ya yafito ni. A gabana ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya zare kwat ɗin, ya ninke ta da kyau ya ba wani ya kai ɗaki. Sannan ya gyara 'yar rigarsa ya ce, “In kin koma ki gaishe da ƙanin ki. Ki gaya mishi kwat ɗin yana da kyau sosai. Kuma ki ce mishi na gwada, ashe yana ciruwa.”

Na kai saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba. Ƙanena ya tashi ya shiga ɗaki. Tun daga ranar na san cewa ado ba ya kayar da namiji, don kwat ɗin nan ba ta yi wa kowa laifi ba, ga ta can tana yi wa tsoho aiki kowace safiya. Abin da ya raba ƙanena da matar kirki shi ne ya gwammace ya dahu da a ga ya yi kuskure. Duk abin da mutum ya ɗora wa kansa, kaya ne ko ra'ayi, ya dubi rana, in ta yi zafi ya cire da hannunsa tun kafin a taru a cire masa.