Ranar da Na Zuba Gishiri a Wuta Gaban Sufeto

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina koyar da aji na ƙarshe a firamare ta Illo, aka ce sufeton makarantu zai zo. Shi zai rubuta sunan malami ɗaya daga yankin Bagudo da za a tura babbar kwaleji ya karanta kimiyya. Ba na ɓoyewa, na so wannan gurbin kamar raina.

Ina da wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, a cikinsa na karanta cewa kowace ƙwayar zarra tana da 'yan ƙananan abubuwa, ilektaron, masu zama hawa-hawa kamar matakalar soro. In zafi ya taɓa ɗaya sai ya tsallake zuwa hawan sama, in ya dawo ƙasa ya amayar da haske. Kowane abu da irin hawansa, shi ya sa launin ya bambanta. Na sayo gishiri wurin fataken Dahome, na roƙi guntun jan ƙarfe wurin maƙeri, na aro kasko. Sai da na gwada sau biyu a tsakar gida: gishiri a wuta ya ba da rawaya, jan ƙarfe kore.

Sufeto ya iso da kwat da lakataye cikin zafin bazara, gumi yana bin wuyansa. Ɗan ƙasarmu ne, amma tun da ya yi wata shida a Ingila Hausa ta yi masa nauyi a baki. Tun a ofishin hedimasta ya fara faɗa, wai mutanen kan iyaka camfi ya gama da su, wai ya zo ya fitar da mu daga duhu. Hedimasta yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ya shigo ajina ya zauna a kujerar gaba. Na hura gawayi har ya kama da harshe, na ɗebo gishiri na watsa. Wuta ta yi ƙara, ta tashi rawaya, yara suka miƙe tsaye don su gani. Na juyo in fara bayani, sai na ga sufeto ya kai bakin ƙofa, hannunsa cikin kwat yana laluben laya.

Sai a lokacin na tuna. A wajenmu ba a zuba gishiri a wuta gaban baƙo sai in ana zarginsa da maita.

Turanci ya gudu ya bar shi. Ya ce, "Ni kaka ƙona ma gishiri? Mi nic ci maka?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, darasi na. Tsaya ka ga na jan ƙarfe."

Bai tsaya ba. Hedimasta ya tilasta mini na bi sufeton masauki da littafin a hannu, na buɗe masa shafin. Ko kallonsa bai yi ba, mai fitar da mutane daga duhu. Ya sa aka ce mini in tafi, kuma kada in taka inuwarsa.

Rahoto ya zo bayan salla. An rubuta cewa malamin aji na ƙarshe yana cusa wa yara camfi, bai cancanci karatun kimiyya ba. Hedimasta ya miƙo mini biro, ni da hannuna na sa hannu cewa na karanta.