Yaya Rabi da cikin da aka ce ya kwanta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran yayata Rabi, wadda matan Daura suka fi sani da Sista Rabi mai hoton ciki. Ni ba sista na rasa ba, uwa na rasa, domin a hannunta na tashi. Kuma in ban da ita, da tuni wani ne ke yi mini irin wannan rubutu.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, magidanta da yawa sun ƙara tsayawa kan cewa namiji ba zai buɗe cikin matansu ba. Asibitin da take aikin ungozoma yana da na'urar hoto, amma mai sarrafa ta namiji ne, sai mata suka ƙaurace wa ɗakin. Yaya ba ta yi jayayya da kowa ba. Ta ce in dai mace ake nema, ga ta. Ta bar 'ya'yanta wajen kakarsu, ta tafi Kano ta koyo aikin.

Ni kuwa ina aure a wani ƙauye a ƙasar Mai'adua, ina fama da abin da kowa ya kira kwantaccen ciki. A wajenmu an yarda ciki kan yi barci shekaru, ya tashi ranar da Allah Ya so. Nawa ya shiga shekara ta uku. Jini na zuba, ina ramewa, in na sunkuya shara sai jiri ya ɗebe ni. Surukata Goggo Hansai ba muguwa ba ce, sona take kamar ta haɗiye ni, shi ya sa ta tsare ni da saiwoyi da rubutu. Ta rantse ba mai taɓa mata jika, ɗanta Sale, mijina, kuma ba ya ƙetare maganarta.

Yaya ta san ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ta san tsohuwa ba a tura ta, sai dai a ja ta. Ta aiko mota ran kasuwa, ta ce mu zo tare, Goggo ta ga jikanta da idonta. Da muka isa, ta ɗura mana ruwa har mafitsara ta cika, don sai haka hoton ke fita. Sannan ta ce, “Goggo, ke za ki fara hawa. Ina son ki ga ɗakin da kika raini mutum tara.”

Tsohuwa ta hau tana mita. Yaya ta shafa mata wani mai mai sanyi a mara, ta goga kan na'urar, ta sa alama daga saman mahaifa zuwa bakin mahaifar ta auna. Ta yi mata bayani cewa mahaifar macen da ba ta da ciki tsawonta santimita bakwai ne zuwa takwas, faɗinta wajen biyar, kusan dunƙulen hannu. Haihuwa kan ƙara ta kaɗan, tsufa ya rage ta. Ta Goggo ko dunƙulen ba ta kai ba.

“Yanzu duk ƙattan nan daga nan suka fito?” in ji Goggo.

Da na hau, tawa ta haura cibiya. Yaya ta zaga ko'ina a hankali: babu kai, babu ƙashi, babu zuciya mai bugawa, sai wani ƙari da ke shan jinina. Goggo ta daɗe tana kallon allon. Gani ya kori ji. Ta miƙe ta gyara zani ta ce, “Rabi, a cire mata. Shi kuma Sale ki bar ni da shi.”

Aka cire ƙarin, Allah Ya sa likita ya bar mini mahaifata. Goggo ce ta yi jinyata, kuma daga nan ta zama 'yar aiken Yaya ba albashi. Duk macen da aka ce cikinta ya kwanta, sai ta tasa ƙeyarta zuwa Daura.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da yau. Wuraren hoto sun cika gari, 'yan mata da hijabinsu ke riƙe da na'urar, na san za ta yi murna. Na kuma san bakinta ba zai bar masu zuwa don su ji mace ce ko namiji kawai ba, su tashi ba su tambayi lafiyar mahaifar ba.

Ba ta bar gida a Abuja ba, ko titi ba a sa wa sunanta ba. Abin da ta bari shi ne, a ƙauyenmu yau in aka ce ciki ya kwanta, tsofaffi ne ke fara cewa a je a auna.

Watan jiya na raka 'yata Zainabu awo, wadda na haifa bayan aikin nan. Yarinyar da ke duba ta ta ƙara muryar na'urar, sai ga bugun zuciyar jikana ya cika ɗakin. Na yi kuka har yarinyar ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya ƙalau, yayata ce ta ci nasara.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya, kamar yadda kika haska mana abin da ke cikinmu.