Gonar Aro da Na Sayar wa Mushe

Ni ɗan masunci ne, a bakin tafkin Madarumfa aka haife ni. Kamun kifi bai taɓa karɓata ba. In mun shiga jirgi da safe, babana na jan taru, ni kuwa ina kallon itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwa har ƙugu, ina gina benaye a kansu cikin raina. Har fenti nake yi musu. Baba ya kan ce, "Kai dai jikinka kaɗai ke cikin jirgin nan." Gaskiyarsa.

Da na girma sai na shiga dillancin filaye, don bakina ya fi hannuna aiki. Mutanen Maraɗi sun fara son fili a wajenmu, wani don garka, wani don ya gina ɗakunan haya. Ɓarnata ta fara da taku. In ina auna wa mai saye fili, sai in gajarta ƙafa. Daga nan na koyi matsar da gambar da ke raba gona da gona. Ba wanda ya kama ni, ni kuma na ɗauka wayo ne.

Akwai wata gona da muke nomawa a kan tudu, inda ake hango tafkin duka. Ba tamu ba ce. Baba Arzika na Safo ne ya ara wa babana ita tun kafin a haife ni. A wajenmu wanda aka ara wa gona ba ya biyan haya, amma duk kaka yana kai wa mai ita damin gero ɗaya. Damin ba don ci ba ne, don kada a manta mai abu ne. Da babana ya rasu, ni na ci gaba da aikawa a amalanken jaki.

Sai ga Mushe Iliya, Mushe kuwa haka muke kiran malamin boko. Shi ya koya mini karatu a lakwal, wato makarantar boko, Kirista ne, mutumin Maraɗi. Ya ajiye aiki, an ba shi kuɗin sallama, yana neman inda zai gina ɗakunan haya ya zauna a ɗaya, sauran su ciyar da shi da matarsa. Na kai shi tudun nan da hantsi. Ruwa ya kwanta luf, belbelu na sauka kan rassa. Na ce, "Mushe, nan tagarka za ta kalla." Ya tsura wa wurin ido. Wallahi a lokacin ni ma na ga ɗakunan tsaye, har da inuwarsu.

Ya tambaye ni, "Ɗana, gonar taku ce?" Na ce gadon ubana ce. Na rubuta takardar ciniki da hannuna, na samo shaidu biyu da na saya wa goro da ɗan abin aljihu, na kauce wa ƙofar mai gari. Mushe mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya ce yana so mu je ma'aikatar magajin gari a rubuta filin da sunansa, masu awo su kafa duwatsun iyaka. Na ce, "Haba Mushe, kuɗin hatimi da na awo za su cinye maka kwanon rufi. Kai dai gina. In masu lanho suka zo, ka biya, ka adana takardar. Gwamnati tana karɓar haraji a hannun wanda ba shi da abu ne?" Ya jinjina kai ya ce da hankali a maganata.

Ya gina ɗaki shida. Ma'aikata biyu da wata ungozoma suka kama haya. Duk shekara yana biyan lanho kafin a tambaye shi, yana jera takardun cikin wata tsohuwar jakar makaranta. Ni kuma duk kaka ina sayen damin gero a kasuwa in aika Safo, don kada Baba Arzika ya ji shiru ya turo a duba. Shekara huɗu muna haka. In na bi ta wurin, matar Mushe ta kan kira ni ta ba ni fura.

Da Baba Arzika ya rasu, 'ya'yansa suka zo zagayen gonaki don rabon gado. Suka tarar da ɗakuna da igiyar shanya a gonar ubansu.

A gaban alƙali Mushe ya buɗe jakarsa ya shimfiɗa takardun ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, don ya tabbata yana da gaskiya. Alƙali ya duba ya ce, "Malam, waɗannan sun nuna ka biya haraji. Ba su nuna filin naka ne ba." Na so in ce ni ma ban san aro ba ne. Sai aka kira mai amalanke, ya ce shi ya kai mini dami Safo bara, da bara waccan. Alƙali ya juyo gare ni: "Wanda ke kai dami ya san mai gona." Mushe ya kalle ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Shekara uku na yi a gidan kaso. Da rana in zafi ya kwantar da kowa, na kan jingina da bango in lumshe ido, sai in ga ruwa ya taso a hankali ya shiga tsakar gidan, jirgin babana na yawo babu kowa ciki. Can na koma salla da gaske, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne babana.

Da aka sake ni na nemi Mushe. An ba shi 'yan kuɗin tubali da kwano, magada suka riƙe gonarsu. Na same shi a Maraɗi, a ɗaki guda na haya, shi da ya so ya zama mai gida. Na durƙusa. Ya ce, "Na yafe maka tun kana ciki, ɗana. Amma tashi ka tafi. Matata ta kusa dawowa daga majami'a, ita har yanzu ba ta iya jin sunanka."

Ku samari masu sha'awar dillanci, kada ku sayar da abin da ba naku ba, ko da kun tashi kun tarar ana nomansa a gidanku. Ku kuma masu saye, kafin ku aza tubali ku je wurin mai gari, ku tambayi maƙwabtan gona wa ake kai wa dami, ku biya kuɗin awo da na hatimi komai ciwonsu. Ni na fito, ina kwana a gidan ubana. Mushe yana da shekara saba'in da wani abu, kuma duk ƙarshen wata mai gida na ƙwanƙwasa masa ƙofa.