Tamanin Ƙasa da Sifili

Shekara goma sha tara Atine Datong ta yi tana aiki a wani ɗakin bincike a Jos, kuma ba ta da hira sai ta firiza. Har matan cocinsu kan tsokane ta: "Atine, yaya maigidanki mai sanyi?"

Firizar ba ta kifi ba ce. A ciki akwai 'yan gutsattsarin tsoka da aka yanko daga mata sittin da uku masu ciwon daji na nono, kowanne a 'yar kwalba mai lamba. Atine ce ta bi matan gado-gado har suka yarda, da alkawarin za a tura ƙasar waje a gano abin da ke cin su. Sanyin firizar tamanin ne ƙasa da sifili, don tsoka ta shekara ba ta lalace ba.

Bara injin ya fara gurnani. Lasisi mai gyara ya zo daga Tina Junction, ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Madam, injin nan ya tsufa fa. Ki sa shi mainos saba'in, zai huta. Kika bar shi tamanin, ba ruwana."

Atine ta san saba'in ya isa. Tun tana sabuwa a saba'in ake ajiya, ba abin da ya taɓa ɓaci. Ta sami shugaban ɗakin, Dokta Nnadozie.

"Oga, maɓalli ɗaya ne kawai."

"Atine, takardar abokan aikinmu na waje tamanin ta ce. Bari in rubuta musu tukuna."

Ya kuwa rubuta, ba zan yi masa sharri ba. Amsa ce ba ta zo ba. Wata huɗu tana wuce maɓallin nan hannunta na ƙaiƙayi. Ni da nake ƙawarta haushi ya ishe ni, na ce ta danna mana, wa zai sani? Ta ce firizar na rubuta sanyinta da kanta, in aka ga an taɓa ba izini, duka za a ƙi karɓa.

Wata Asabar da rana, tana wurin biki a Kuru, mai gadi ya kira ta: injin ya mutu. Da ankonta ta iso, ta kwashe kwalaben zuwa ƙaramar firiza mai ashirin ƙasa da sifili, irin wadda ke narkar da ƙanƙararta da kanta. Babu wata. Mako uku tsokar na saki tana daskarewa, Atine na kallo.

Sai ga amsa daga waje. Saba'in ba laifi, in ji su. Amma waɗannan sun lalace, a sake ɗiba daga matan.

Atine ta buɗe littafin lambobin waya, ta fara kira. Mata tara ne suka ɗauka da kansu. Sauran, miji ne ko 'ya. Wani dattijo, Rwang, yana jin sunanta ya gane ta, muryarsa har da murna.

"Madam Atine! Na daɗe ina jiran kiranki. An gano abin da ya kashe matata?"

Ta riƙe wayar a kunne, idonta a kan sunan matarsa a littafin.