Ƙaron da Na Liƙe Sifikoki da Shi

Yayana ya rasu ya bar sifikoki biyu na katako, na tsohon garmahonsa. Ɓera ya cinye takardar bakinsu. Shekarar da ɓarayin shanu suka matso yankinmu, mai gari ya ce, "Malam, gyara mana su a rataye a masallaci. In an hango mutanen nan, a yi shela."

Na yanko takardar buhun siminti, na liƙe da ƙaro. Murya ta kai har fadama.

Na manta ƙaro ba ya shiri da danshi. Ranar ruwan fari ladan ya kira la'asar, gurnani kawai muka ji daga sifikokin. Da muka fito salla, ga ɗanyen sawun babura uku na ɓarayin bayan turken shanuna, ga shi babu sifikar yin shela.