Anti Momi Ta Koma Aji

A garin Hilo, idan mutum ya ce bayansa ya riƙe ko wuyansa ya ƙage, ba a tsayawa dogon bayani, sai a ce masa, "Je wajen Anti Momi." Cikakken sunanta Momilani Kaupiko, amma rabon da a kira ta haka tun ranar aurenta. Gajeriya ce, kakkaura, mai dariyar da ake jiyowa daga bakin titi, kuma tausar gargajiya da ake kira lomilomi ita ce sana'arta tun kafin wasu masu zuwa wajenta su yi haƙori.

Wajen kakarta ta koya. Tana 'yar mitsitsiya tsohuwar kan kwanta a tabarma ta ce ta hau bayanta ta tattaka. Daga nan aka kai ga hannu, aka kai ga man kwakwa da addu'ar da ake yi kafin a taɓa jikin mutum. Da ta girma ta yi wanki da guga a wani otal, ta auri Kimokeo masunci, ta haifi 'ya'yanta, sannan ta karɓi lasisi ta kafa gadon tausa a rumfar ajiye mota. Motar kuwa tun daga ranar a waje take kwana, ruwan sama yana wanke ta kyauta.

Da shekaru suka ja, sai manyan yatsunta suka fara yi mata tawaye. Da safe ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Ba ta faɗa wa kowa ba, sai dai ta miƙa wa Kimokeo kwalbar ta ce shi ya ɗaure ta da mugunta. Ana cikin haka lokacin sabunta lasisi ya zo, aka ce sai ta halarci ajin ƙarin ilimi.

"Ni? Aji? Da furfurata?"

Kimokeo yana zaune yana ɗinkin taru, ko ɗago kai bai yi ba. "In saya miki jakar makaranta? Akwai mai hoton kifi."

"Ci gaba, malam. Ƙugun nan naka yau sai dai ka jingina shi da bango."

Ranar Asabar ta tafi, a zauren wata majami'a ake yin ajin. Ta riƙo kula cike da kifi naɗe a ganyen gwaza, don a ganinta in ba a ƙaru da komai ba, a ƙalla a ci abinci. Ta zaɓi kujerar can baya ta harɗe hannu.

Sai ga malamar ta shigo, wadda kowa ke kira Kumu, wato malama a yarensu, doguwar mace da ba ta wuce arba'in ba. Anti Momi ta ƙura mata ido, ta ƙara ƙurawa, sai ta buga cinya.

"Ke! Ba Hiwalani ba ce 'yar gidan Nakoa? Ni fa na murza miki ciki kina jaririya kina tsala ihu. Har fitsari kika yi min a riga!"

Aji ya kwashe da dariya. Kumu Hiwalani ta taho ta rungume ta, ta sumbaci kumatunta. "Na sani, Anti, mahaifiyata har yau ba ta gaji da labarin ba. Yau ni ce zan riƙe hannunki."

Aka raba su biyu-biyu. Anti Momi ta faɗa hannun Kawu Kanoa, tsohon direban bas, ƙato da baya kamar ƙofar shago. Ya kwanta, ta shafa mai, ta kafa masa yatsu yadda ta saba.

"Wayyo, Momi! Rijiya kike haƙawa?"

"Yi shiru, haka ake jin daɗinsa."

Kumu ta tsaya tana kallo. Can sai ta kamo hannun Anti Momi ta ɗan danna gindin babban yatsan. Anti ta yi ƙara ta fizge.

"Tun yaushe, Anti?"

"Ba komai ba ne."

"Anti."

"To, ya kwana biyu."

Kumu ta nuna mata yadda za ta aza hannunta tun daga wuyan hannu har gwiwa, ta ɗan durƙusa, ta riƙa tura nauyinta daga wannan ƙafa zuwa waccan kamar mai rawar gargajiyarsu da ake kira hula, yatsu kuwa su huta.

"Kakata ba haka take yi ba," in ji Anti Momi, tana tura baki.

"A ina kakarki take tausa?"

"A ƙasa mana, kan tabarma."

"To kin gani. Jikinta duka ke yi mata aikin. Ke kin ɗora mutum a kan gado mai tsayi, kin bar wa yatsu biyu kayan."

Anti Momi ta tuno tsohuwar a durƙushe, tana rangaji gaba da baya, tana ƙunƙunin waƙa. Lallai haka ne. Aka sauke mata gadon, ta gwada, sai ta ji hannunta yana tafiya a bayan Kanoa sumul, shi kuma ya saki ajiyar zuciya har takardar shimfiɗa ta motsa.

Da aka ce a yi musanya, nan aka sha daru. Tun rasuwar kakarta ba wanda ya taɓa yi mata tausa. Kanoa yana taɓa haƙarƙarinta ta fashe da dariya tana shure-shure, wai cakulkuli yake mata. Da ƙyar ta nutsu. Ba a jima ba kuwa sai minshari, har Kumu ta riƙa ɗaga murya don a ji darasi. Ta farka ta tarar an yi wa kularta kaca-kaca.

Tana isa gida ta miƙa wa Kimokeo zarto ta ce ya rage wa gadonta ƙafafu. Ya yanke ɗaya ta fi sauran gajarta, ya bi sauran don ya daidaita, har gadon ya kusa zama tabarma. A kan Kimokeo ta riƙa gwaji kullum, ya yi ƙorafi, ya kuma ƙi tashi in ta gama. Yatsunta suka lafa. Wata tsohuwa cikin masu zuwa ta ce ita fa ba ta yarda ba, tausar da ba ta sa mutum ihu ai wasa ce. Mako na zagayowa ta dawo da ƙanwarta.

Lasisi ya fito, amma Anti Momi ba ta daina zuwa ba. Ta shiga ajin tausar masu juna biyu, ta shiga na tsofaffi, yanzu kuma a sahun gaba take zama, tambaya kuwa sai Kumu ta roƙe ta ta bar wa wasu. Na baya-bayan nan shi ne na tausa da duwatsu masu ɗumi.

Ran nan Kimokeo ya dawo daga teku da yunwa, ya ga tukunyar dafa shinkafa tana tururi, ya ɗauko faranti da murna. Yana buɗewa ya ga baƙaƙen duwatsu jere cikin ruwa.

"Momi! Abin har ya kai mu ga haka?"

Ta leƙo daga rumfa, hannu duk mai. "Rufe min, kar su huce. Akwai burodi a kan firji."