Zanen Iliya a bayan motar lemu

Shekara tara ke nan da muka kai abokina Iliya mai fenti makwancinsa. Ni direba ne, a aji huɗu na tsaya. Tunda masu digiri ba su tuna da shi ba, ni zan tuna.

A tashar Zuba yake zanen bayan manyan motoci. Kowa zaki yake so, ko gaggafa. Da na kai masa motar da nake ɗauko lemu da ita daga Binuwai, sai ya zana wani ƙato cikin babbar riga, zaune kan tulin lemu yana sha, 'yan dako a ƙasa suna tsotsar ɓawon da ya yar.

Na ce, "Kai ɗan banza, so kake a kore ni?"

Ya ce, "Malam Sale, oga ba ya zuwa inda talaka yake. Amma a gosulo, in hanya ta cushe, dole ya bi bayanka, ya kalla."

Gaskiyarsa. Lokacin farar hula sun dawo, kuɗi ya shigo gari, ana dasa benaye kamar rogo, mu kuwa an rushe mana ɗakuna an turo mu bayan gari.

Bayan rasuwarsa aka sayar da motar. A sana'armu, sabon mai mota sabon fenti. Abin da ya tsaya min a wuya ke nan duk shekarun nan: Iliya bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, sai wannan zanen da ke ƙofar bayan motar.

Watan jiya na gan ta a Zuba tana sauke kankana. An mayar da ita koriya shar, amma ƙaton yana nan. Har an ƙara masa tumbi da waya biyu. Direban ya ce maigidansa ya hana a shafe, sai dai a sabunta, don shi ma maigidan dako ya yi a da. Sai da na nemi benci na zauna.

Da Iliya zai leƙo yau, benaye sun ninka, ɓawon ma sai da rububi. Ba zai yi mamaki ba. Hali zanen dutse.

Zanensa bai cika cikin kowa ba, ni ma har yau haya nake. Amma bai mutu ba. Na tambayi direban ko ya san wanda ya zana, ya girgiza kai. Na faɗa masa sunan, ya sa na maimaita, ya ce zai sa a rubuta a ƙasan ƙofar. Ko ya cika ko bai cika ba, ni dai na sauke nauyi.